Daga Liberté Zuwa Treichville: Yadda Muka Raka Kawu Cinikin Sabuwar Mota

Wanda ya tsaya a mahaɗar Liberté da hantsi zai zaci duk motocin Abijan sun yi alkawarin haɗuwa wuri ɗaya. Gbaka suna cika suna batsewa, yaran mota na rataye a ƙofa suna kiran Abobo da Yopougon, jajayen taksi na kutsawa a tsakani, ga hayaƙi, ga oda, ga masu talla. A nan muka fara cinikin motar Kawu, alhali babu gidan sayar da sabuwar mota ko ɗaya a gabanmu.

Kawu ɗan kasuwar albasa ne, ya yi shekaru yana sauke buhunan Galmi a Adjamé. Abin da ya tara shi ne guminsa duka, kuma a cikinsa akwai rabon karatun yara. Tsohuwar motarsa irin wadda ake kira "France au revoir" ce, ta yi ta kwasar masa kuɗi tana kai wa bakanike, har ya ce wannan karon sai sabuwa dal.

Manyanmu sun san yadda muka saba da kwancen Turai. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga ƙetare ya ninka kuɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai matsakaicin hali. Daga nan tsofaffin motoci suka yi ta sauka a tashar jiragen ruwa. Sai a watan Disamba na 2017 gwamnati ta kafa doka, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2018: ƙaramar mota ba ta shigowa in ta wuce shekara 5, ƙaramar bas shekara 7, manyan motoci shekara 10. Kwance ya yi tsada, tazarar da ke tsakaninsa da sabo ta ragu, ƙananan Suzuki ƙirar Indiya suka cika gari, musamman a hannun direbobin Yango. Mutane irin su Kawu suka fara leƙen gidajen gilashi.

Kafin mu leƙa, sai da muka share rabin yini a kan benci tare da direbobin Liberté, muna shan shayi. A ganinmu wannan zama ya fi duk sauran tafiyar amfani. Mai tuƙa mota daga asuba zuwa dare ya san abin da takardar talla ba ta faɗa: wace ce ke shan mai kamar raƙumi, wace ce ƙafarta ba ta jure ramuka, wace ce in fitilarta ta fashe za ka samu a wurin masu kayan gyara kafin azahar, wace ce kuma sai ka jira jirgi wata biyu. Wani dattijon direba, mutumin Maraɗi, ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, kuɗin saye sau ɗaya ake biya. Ka tambayi abin da za ta ci maka kowane wata, da abin da za a taya ta ran da ka gaji da ita." Da muka tashi, sunayen da ke cikin aljihun Kawu sun ragu daga shida zuwa biyu.

Washegari muka ɗauki taksi, muka ratsa Plateau, muka hau gadar Houphouët-Boigny, wadda ke ɗauke da mota a sama da jirgin ƙasa a ƙasa tun 1957. Daga kanta ana hango tafkin Ebrié da ƙugiyoyin tashar jiragen ruwa. Tun da aka buɗe mashigar Vridi a 1950 jirage suka samu hanyar shigowa tafkin, shi ya sa manyan gidajen mota suka yi sansani a wannan ɓangare, daga Treichville, kan titin da kowa ya sani da sunan Boulevard de Marseille, har zuwa Zone 4 da Vridi.

Ba mu kai ga ƙofa ba wani dillali ya tare mu, wai ya san babban darakta, in muka ba shi wani abu a hannu zai sa a rage mana. Muka yi masa godiya muka wuce. Kuɗin mota a wurin mai karɓar kuɗi na kamfani ake biyansa, da sunan kamfani, a karɓi rasiɗi mai hatimi.

Ciki kuwa sanyi, da ƙamshin sabuwar roba, da shiru. Mu da muka tashi a kasuwar da mai kaya ke cewa "albarka" har sau uku kafin ya sallama, sai muka tarar da farashi a rubuce, ba mai rantsuwa, ba mai riƙo hannunka in ka juya. Kawu ya ga lamba a jikin wata mota, fuskarsa ta washe. Da muka duba da kyau, sai ga haruffa biyu ƙanana a gefe: HT, wato ba a sa haraji ba. Wanda za ka biya shi ne mai TTC. Harajin TVA kaɗai kashi 18 cikin 100 ne. Motar miliyan 10 ta zama miliyan 11 da dubu 800 ke nan tun ba a zo batun lamba da inshora ba.

Gida uku muka shiga, a kowanne muka nemi takardar da suke kira proforma, a rubuta komai: farashi da haraji, kuɗin "carte grise" da lamba, ranar da za a miƙa mota, da tsawon garanti, shekara nawa ko kilomita nawa. Muka kuma tambayi sharaɗinsa, domin galibi garanti yana faɗuwa in ka kai motar wani gareji ba nasu ba, kuma juyen mai a wurinsu ya fi na bakin titi tsada. Da muka ajiye takardar gida na biyu a kan teburin gida na uku, sai ga farashin da aka ce ba ya motsi ya ɗan sunkuya. Ragin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi shi yawa shi ne abin da suka ɗauke mana a gefe: kuɗin takardu da juyen mai na farko.

An yi wa Kawu tayin biya wata-wata. Adadin watan yana da daɗin ji, amma da muka ninka shi da yawan watanni muka haɗa da kafin alƙalami, sai Kawu ya yi shiru. Ban da haka ga batun kuɗin ruwa, wanda ba ya so ya kusanta. Akwai bankunan da ke da sashen murabaha, su sayi motar su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Ita ma sai an lissafa jimillarta. Shi dai ya zaɓi ya sauka zuwa ƙaramar cikin biyun, ya biya lakadan.

Bai saya ran nan ba. Ya kwana bakwai da takardun uku, ya yi shawara da Hajiya, sannan muka koma. Ranar da muka fito da ita, da leda a kan kujeru, hanyar gida ta biyo da mu Liberté daidai lokacin tashi daga aiki. Gbaka ta dama ta matso, ta hagu ta matso, tsakaninsu da sabon fenti bai fi taƙi ɗaya ba. Kawu ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ce mu sake duba masa takardar inshora, ya ji ko da gaske cikakkiya muka yanka.