Baƙin hayaƙin motar Babanmu

Abin da Baba ya bar mana bai wuce gida da gona da tsohuwar mota ƙirar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya ba, irin wadda mutanen Najeriya ke kira akori-kura. Mu tara muke da haƙƙi a cikinta, amma ni ke riƙe da makulli. Ina ɗauko albasa daga Galmi, in biyo ta garinmu Madawa, in sauke a Maraɗi. Da abin da ta samo ake cefane, da shi ake sayen littattafan ƙannena.

Motar ta daɗe tana baƙin hayaƙi, ban taɓa ɗaukarsa ciwo ba. Man ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga Najeriya yana nan a kwalabe bakin hanya, da araha. In ta sha da yawa sai in ƙara mata. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, kafin mako ya zagayo arahar ta tafi. Muka koma gidan mai, lita a kan sefa 540. A nan na fara lissafi. Motar da a hannun Baba ba ta wuce lita 13 a kilomita 100 da kaya a bayanta, yanzu ta haura 20. In na je Maraɗi na dawo, na fitar da kuɗin mai da na 'yan dako, abin da ke saura ba ya cika jika uku.

Yayanmu ya tara mu a zaure ya ce a sayar da ita a raba kuɗin tun tana da sauran daraja. Inna ba ta ce uffan ba, amma na ga inda ta kai idonta. Na roƙi wata guda.

Mako biyu na farko na ɓatar da su wajen saye-saye. Makaniki na farko ya ce buji ne, wato fulogi, na sayi huɗu sababbi, kwana uku suka yi baƙi ƙirin. Na biyu ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi, ya canza mini wayoyi. Na uku ya ɗan murɗa wani dunƙulen ƙarfe a jikin kabureta ya karɓi kuɗinsa. Duk cikinsu babu wanda ya tambaye ni tarihin motar, ni kuma ban faɗa ba, don akwai abin da nake ɓoyewa.

Daga ƙarshe Yaya da kansa ya ce mu kai ta wurin wani dattijo da ya yi wa Baba gyara shekara da shekaru. Garejinsa inuwar bedi ce da benci guda. Bai taɓa sifana ba sai da ya tambaye ni.

"Ɗana, tun bayan rasuwar mahaifinka, me da me aka canza a motar nan?"

Na ce, "Baba, famfon mai kawai. Na asali ya mutu, aka sa mini na lantarki."

Ya dube ni, ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

Ya kwance buji huɗun ya jera su a kan benci. Duk sun yi baƙi, busasshen baƙi kamar gindin tukunya. Ya ce da baƙin mai ne ke haurowa, da za mu gan su da danshi da maiƙo. Da kuma guda ɗaya ce ta yi baƙi, da sai mu nemi laifin a silindarta. Tunda duka huɗun ne kuma a bushe, mai ne ya fi ƙarfin iska, kuma daga wurin da suke tarayya abin yake fitowa.

A nan na koyi abin da shekara shida ina tuƙi ban sani ba. Inji iska ya fi ci a kan mai. Kafin kilo ɗaya na mai ya ƙone sarai, yana bukatar iska kilo 14.7, wato lita ɗaya ta mai tana neman iska wajen lita 9,000. In man ya yi yawa, wanda bai samu iska ba ba ya ƙonewa. Wani ya fita ta salansa a baƙin hayaƙi, wani ya daskare a kan buji, wani ya zurara ƙasa.

Ya fara ta ɓangaren iska. Matatar iskar ta toshe da ƙurar hunturu biyu, muka sa sabuwa. Hayaƙin ya ragu kaɗan, bai tafi ba. Ya duba murfin da ke tsuke iska don tada mota da sanyin safiya, ya same shi a buɗe yadda ya kamata. Sai ya tada ta, ya riƙa ɗaure dunƙulen da ke daidaita man tsayuwa. Inji mai lafiya in aka ɗaure masa shi sai ya fara shaƙewa ya mutu. Namu ko gezau. Ya ce, "To, tana samun mai ta wata ƙofar."

Ya kashe injin, ya ce in murɗa makulli kawai kada in tayar. Famfon lantarkin ya fara ƙara. Ya haska fitila cikin maƙogwaron kabureta ya kira Yaya ya leƙa. Mai ne ke ɗiga, ɗis, ɗis, alhali injin yana kwance.

A cikin kabureta akwai ɗan ƙoƙo da mai ke taruwa, da wani abu mara nauyi da ke iyo a kansa. In ƙoƙon ya cika, abin ya taso ya tura allura ta toshe ƙofar mai. Ya ciro mai iyon ya girgiza a kunnensa, bai ji motsin ruwa ba, bai huje ba ke nan. Allurar kuwa ta ci, har ta yi zobe a baki. Muka sa wata. Ɗigar ta ragu, ba ta tsaya ba. Ya aiki yaronsa ya aro agogon awon ƙarfin turi. Famfon nawa yana turo mai da kusan rabin bar, kabureta irin wannan kuwa abin da take so bai fi kashi ɗaya cikin biyar na bar ba. Allura ba za ta iya tare shi ba. Muka nemo famfo irin na asali, wanda injin da kansa ke motsawa, muka mayar. Ɗiga ta tsaya cak.

Na yi hamdala a zuci, na ɗauka asirina ya rufu. Amma dattijon ya ce a loda mata buhu goma a hau hanya. Muna tsaye lafiya lau, ina taka ta sai ga baƙin hayaƙi a madubi. Muka dawo. Ya sake buɗe kabureta, ya kwanto wata 'yar ƙaramar ƙusar tagulla mai huda a tsakiya, wadda ta cikinta man tafiya ke bi. Ya ɗauko irinta daga gwangwaninsa, mai lamba ɗaya da ita, ya ɗaga su biyun ga rana. Ko makaho ya shafa zai ji bambanci.

"Wa ya huda wannan?"

Yaya yana tsaye a gefena. Na ce, "Ni na sa aka yi, Baba."

Shekara biyu kafin nan na ga kaya suna ƙaruwa, motar tana nishi a hawa. Wani abokin tuƙi ya ce in aka faɗaɗa hudar za ta ƙara ƙarfi. Aka faɗaɗa, kuma wallahi da farko na ji ta ƙara. Dattijon ya ce ba ƙarya na ji ba, ɗan ƙarin mai kaɗan yana ƙara ja, amma iyakarsa kusa take, in aka wuce ta ƙarfin ma raguwa yake. Lambar da ke jikin ƙusar faɗin hudar ce: in an rubuta 120, milimita 1.2 ke nan. In ka ƙara faɗin da kashi 10 cikin 100, ƙofar ta ƙaru da kashi 21. Mu kuwa da ido aka yi mana, babu awo. Garin neman ƙiba na samo rama.

Bai yi mini faɗa ba. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya miƙa mini ya ce in sansana. Warin esansi ne. Man ya tsinke kamar ruwa, ya ma haura alamar cika. Duk man da bai ƙone ba yana wanke maiƙon jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai, ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe. Ya ce zoben fistin sun riga sun ci, wannan kuwa ƙusa ba ta gyara shi. Muka juye baƙin man a take.

A hanyar gida Yaya bai yi magana ba sai da muka kusa ƙofa. Ya ce, "Da ka faɗa tun farko, da kuɗin buji da wayoyi suna aljihunmu." Na ce haka ne, Yaya. Ya ce daga yau duk abin da za a taɓa a motar sai an rubuta a littafi, da kwanan wata, domin ba tawa ba ce ni kaɗai.

Ba a sayar da ita ba. Tana shan lita 14 yanzu, buji kuma in na kwance sai in gan su ja-ja kamar ƙasar tukwane. Amma da safe takan yi ɗan shuɗin hayaƙi, kuma duk mako biyu sai na ƙara mata baƙin mai. Muna tara kuɗin buɗe injin, kuma daga rabona ake cirewa, ni na nemi a yi haka. 'Yar ƙusar da aka huda tana cikin littafin, na manne ta a shafin farko.