Sabon Rediyo a Tsohuwar Fijo

Babu ɗalibin makarantar nan da bai san tsohuwar Fijo 504 ɗinmu ba. Irinta ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya soma haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da yin ta shekaru da yawa bayan Faransawa sun daina. Tamu 'yar Kaduna ce. Injinta lafiya lau, rediyonta ne ya mutu. Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. Amma Baba direba shi ke kai ɗalibi marar lafiya asibiti da tsakar dare, ya komo shi kaɗai, kuma muryar rediyo ce ke hana shi gyangyaɗi a hanya. Saboda haka malamai suka yi karo-karo, mu kuma na sashen fasaha muka ɗauki aikin tare da ɗalibai shida.

Tun a kasuwa ake fara lura. Rediyon mota na hannu yana da araha, amma tsofaffin da aka ƙera domin Japan suna kama FM daga lamba 76 zuwa 90 ne kawai, alhali tashoshinmu suna tsakanin 87.5 da 108. Wanda ya sayi irin wannan ya sayi kurman rediyo. Muka sayi sabo, mai ɗaukar filashi da Bluetooth.

Da muka kawo shi sai ya ƙi shiga. Tsohon rediyon irin mai maɓallai biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, an ɗaure shi a bayan wani faranti mai huda uku a dashbod. Sabon kuwa akwati ne da ake turawa ta gaba. Girmansa ba yin ganin dama ba ne: ma'aunin Jamusawa ne da ake kira DIN, wanda duniya ta karɓa a 1984, faɗi santimita 18, tsayi santimita 5. Zurfi ne kaɗai ba a ƙayyade ba, don haka sai da muka zura ruler muka tabbata ba zai tokare kome a ciki ba.

Mai wayarin da muka gayyato daga gari ya duba ya ce, "Malam, wannan ai aikin minti goma ne. A ba ni zarto in buɗe wurin."

Baba ya dafa motar ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri. In ka yanka, wannan rediyon ya lalace baɗi, da me za mu toshe ramin?"

Mun goyi bayan Baba, ko da yake mutumin ya san aikinsa kuma hanyarsa ta fi sauri. Rediyon zamani ba ya daɗewa kamar motar da za a sa shi ciki, kuma samun dashbod mai kyau na 504 yanzu sai an sha yawo a Panteka. Farantin da sukurori aka kama shi, sai muka kwance shi ɗungurungum, muka ɗora a kan gorar ruwa, wato alminiyom, muka zana, muka yanka sabo a ɗakin aikin makaranta. Ɗalibai biyu suka yini suna goge bakinsa da magagari. Akwai wani kejin ƙarfe da ke zuwa tare da rediyon. Shi ake fara sawa, a lanƙwasa 'yan haƙoransa ta baya su riƙe farantin. Muka ƙara ɗaure gindin rediyon da ƙarfe, domin hanyarmu ta damina ba ta barin abin da ke lilo. Wani ɗalibi ya so a ce mai babban gilashi muka saya, irin na motocin yanzu. Wannan tsayinsa santimita 10 ne, ba shi da masauki a Fijo sai an yi ɓarna.

Wajen wayoyi ne darasin ya yi daɗi. Da fari muka cire kan batir, na nagatib. Tsohon rediyon wayar wuta ɗaya gare shi, sabon kuwa biyu. Rawaya tana zuwa batir kai tsaye, ita ke sa ya tuna agogo da tashoshin da aka ajiye. Ja tana bin makulli, ita ke kunna shi. Baƙa a jikin mota ake ɗaure ta. In aka haɗa rawaya da ja a makulli, kowace safiya Baba zai tarar rediyon ya manta kome. In aka haɗa su a batir, ran da aka manta shi a kunne sai an kira 'yan aji uku turi. Launin wayoyin motar kuma bai bi wannan tsari ba, balle ma hannaye da yawa sun ratsa su cikin shekarun nan. Muka mayar da kan batir, muka bi su ɗaya ɗaya da ƙwan gwaji, ana murɗa makulli ana dubawa, sa'an nan muka sake cirewa. A kan rawayar muka sa fis kusa da batir. Wayar da ba ta da fis, in ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce.

Lasifika ita ce tarkon da ya fi kama mutane. Ta dā waya ɗaya aka ja mata, ɗaya ƙafar aka ɗaure a jikin mota. Sabon rediyo ba ya yarda da haka. Kowace lasifika sai da wayoyinta biyu, kuma in ɗaya ta taɓa jikin mota tana iya ƙona rediyon nan take. Muka ja sababbi: farare zuwa hagu, masu ruwan toka zuwa dama. Don a gane ƙafafun lasifika, muka taɓa su da batirin tocila. In takardar ta turo waje, ƙafar da ke kan batirin ita ce fozitib. Wata ɗaliba ta ce sai ran nan ta yarda da abin da muka koya musu a kan maganaɗisu.

Da aka ta da inji sai ga wani siririn kuka yana bin totur. Mai wayarin ya kankare fenti inda baƙar waya take, ya ɗaure ta a kan farin ƙarfe, kukan ya tafi. Asabar biyu aikin ya ci.

Akwai abin da aka rasa. Tsohon yana kama gajeren zango, inda Baba ya saba jin Sashen Hausa na BBC ko a cikin daji. Sabon ba ya kamawa, kuma FM takan ɓace in an yi nisa da gari. Kaset ɗinsa ma, cike da kwali, ba su da inda za su shiga. Ɗalibai sun ɗauki alkawarin juye masa su a filashi kafin hutu. Wayoyin lasifikan baya, kore da shunayya, mun naɗe bakinsu da salatif mun ajiye sai an sami kuɗi. Tsohon farantin da sukurorinsa huɗu suna cikin ambulan a ofishin Shugaban makaranta.