Me Ya Sa Hani Take Gudu?

A shekarar 1988, lokacin da birnin Seul ya karɓi wasannin Olamfik, gidan telebijin na KBS a Koriya ta Kudu ya nuna wani labarin zane mai motsi a kashi 13. Ma'anar sunansa ita ce "Ki yi gudu, Hani". Wani mai zane, Lee Jin-joo, shi ya fara buga labarin a mujallar yara a 1985. Kafin wannan zamani, yawancin zanen da yaran Koriya suke kallo daga Japan da Amurka ake kawo shi. Ga shi yanzu sun ga yarinya tasu, a unguwa irin tasu.

Hani marainiya ce. Uwarta ta rasu, ubanta kuwa yana aiki a ƙasashen Gabas ta Tsakiya, kamar dubban magidantan Koriya da suka tafi aikin gini can a shekarun 1970 da 1980. Tana zaune ita kaɗai a wani ɗan ɗaki bisa rufin bene. Da ta ji uban yana shirin auren wata mace, zuciyarta ta ƙi. Gidan da ta girma a ciki ma ya koma hannun iyalin Na Ae-ri, wadda ta zama abokiyar gabarta a filin tsere. Malaminsu Hong Du-kkae ne ya lura da saurinta, ya sa ta cikin masu gudu, ya kuma yi haƙuri da taurin kanta.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya. Hani ba domin lambar yabo take gudu ba. Kewar uwarta ce take korar ta. In ta tuna da ita, sai ƙafafunta su ɗauka. Daga baya ta yi hatsari, ƙafarta ta ji ciwo, gajeren tsere ya gagare ta. Matar da ta ƙi jinin ganinta ita ce ta tsaya mata a jinya. Sai Hani ta koma gudun dogon zango, ta kai ƙarshe da kyar. Abin da ya sa yara da iyayensu kuka ke nan.

A watan Oktoba na 2025, shekara 40 da fitowar labarin, aka kawo shi gidajen sinima a sabon fim. Wannan karo Na Ae-ri aka sa a gaba. 'Yan matan sun girma sun shiga babbar sakandare, an sake musu kama, tseren kuma ya bar fili ya koma titunan birni. Muryoyi ma sun sake, gama Jang Jeong-jin, wanda ya yi muryar malam Hong a da, ya rasu tun 2004.

A yi wa masu fim adalci. Ba laifi ba ne a ba Ae-ri baki. Shekaru da yawa ana kiranta muguwa ba a ji nata ba, kuma kowace yarinya tana da abin da ke cin ranta. Hausawa kuma sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mutumin da ya kalli Hani yana ɗan shekara 10 ya shiga sinima yana kusa da 50, yana neman ƙuruciyarsa, abin da babu mai zanen da zai iya mayar masa.

Duk da haka, sanyin gwiwar tsohon mai kallo yana da dalili. Zane ya yi kyau, gudu ya ƙara sauri, amma tambayar ta sake. A da ana tambaya, yaya marainiya za ta warke? Yanzu abin da ya fi fitowa fili shi ne, wa zai riga wani? Labarin gasa yana da yawa a duniya. Labarin yarinyar da ta koyi karɓar ƙauna daga hannun wadda ta ƙi, shi ne mai wuyar samu.

Duk mai son sabunta tsohon labari, ko a fim ne ko a bakin kaka da dare, ya fara binciken abin da ya sa mutane suka riƙe shi. Ya canja riga da wuri da murya in ya ga dama. Amma in ya taɓa dalilin gudun, yaran yau za su san Hani tana da sauri, ba za su san abin da take bi ba.