Tela Mai Gyara a Mashi

Mashi gari ne a Jihar Katsina, a kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina zuwa Daura. Yawancin mutanen ƙasar manoma ne, suna noman gero da dawa da wake da gyaɗa. Manomi kuwa ba kullum yake da kuɗin sabuwar riga ba, sai kaka ta yi, ko salla ta gabato. Saboda haka tela mai gyara yana da babban amfani a garin. Ranar kasuwa a kan ga mutane sun kewaye rumfarsa, wannan da wandon ɗansa na makaranta, wancan da rigar da ƙaya ta yaga a gona.

A zamanin da, da hannu maɗinka suke ɗinki, da allura da zare, riga guda ta kan ci kwanaki. Keken ɗinki daga ƙasashen Turawa ya zo. A shekarar 1846 wani Ba'amurke, Elias Howe, ya yi rajistar keke mai ɗinki da zare biyu. A 1851 kuma Isaac Singer ya fito da nasa, wanda sunansa ya bazu ko'ina cikin duniya. Daga baya aka shigo da wasu irinsa daga ƙasar Sin, kamar Butterfly. Zare ɗaya yana saukowa daga sama ta cikin allura, ɗaya kuma yana ƙasa cikin ƙoshiya. Duk sa'ad da allura ta huda yadi, sai zaren biyu su sarƙe da juna. Abin da ya sa ɗinkin keke yake da ƙarfi ke nan. Keken ƙafa kuwa ba ruwansa da wutar lantarki, tela ne yake taka shi.

Wandon kakanninmu ba shi da zik. Mazagi ake zura masa cikin ƙubaka, a ɗaure. Shi ma zik baƙo ne. Whitcomb Judson ya fara ƙago wani irinsa a Amurka a 1893, amma ya kan buɗe da kansa. Sai a 1913 Gideon Sundback, mutumin ƙasar Suwidin, ya kyautata shi, ya yi masa ƙananan haƙora jeri biyu masu shiga cikin juna. Wanda ya duba kan zik ɗin wandonsa, wataƙila ya ga haruffa uku, YKK. Sunan wani kamfani ne na Japan wanda aka kafa a 1934.

To, sa zik aiki ne mai son natsuwa. Da fari tela zai warware tsohon ɗinki da reza a hankali, kada ya yanki yadin. Sa'an nan ya auna tsawon bakin wandon, ya zaɓo zik daidai da shi. Ya naɗe gefen yadin, ya goge da dutsen guga har ya kwanta. Bayan haka ya ɗora zik a wurinsa, ya kama shi da ɗinkin hannu sama-sama, don kada ya goce. Sai ya sa wa keke wata siririyar ƙafa wadda take iya bin gefen haƙora. Idan ɗinki ya iso wajen kan zik, sai ya bar allura cikin yadi, ya ɗaga ƙafar, ya zuge kan ya wuce, sa'an nan ya ci gaba. A ƙarshe ya maimaita ɗinki a gindin zik sau uku ko huɗu, domin nan ne ja ya fi yawa. Wanda ya yi gaggawa, allura ta kan hau haƙori ta karye, ko yadi ya tattare. Sannu ba ta hana zuwa.

Ba kowane zik da ya ƙi aiki ne ya mutu ba. Idan ya yi tauri, a kan goga wa haƙoransa kyandir ko busasshen sabulu, sai ya yi santsi. Idan kuma yana buɗewa bayan an zuge shi, kan ne ya saki, matsa shi kaɗan da filaya ya isa. Tela na kirki ya kan ce, "Malam, wannan ba sai an sake sabo ba. Riƙe kuɗinka." Ya rasa ɗan abin da zai samu a ranar, amma ya sami amincewar mutum, gobe kuma wurinsa za a kawo ɗinkin salla.

Banki ma yana da ƙa'idarsa. Tela ya kan ajiye ƙyallayen da suka ragu cikin buhu, ya zaɓi wanda ya dace da rigar wajen launi da kauri. Idan ƙyallen sabo ne, sai a wanke shi tukuna, domin sabon yadin auduga yana tsukewa in ya sha ruwa, ya ja tsohon ya sake yaga shi. A yanka ƙyallen ya ɗan fi ramin faɗi, a sa shi ta ciki, zarensa ya bi zaren rigar, sa'an nan a ɗinke kewaye. Banki mai kyau sai an duba sosai kafin a gane shi.

Yaron da ya ga rigarsa ta makaranta ta fara yagewa, ya kamata ya nuna wa iyayensa tun yagar tana ƙarama. Yau ɗinki kaɗan zai rufe ta. In an bar ta ta sha wanki sau biyu ko uku, sai ta kai har kafaɗa, mahaifinsa kuma ya fid da hatsi daga rumbu ya sayar don ya sayi sabon yadi. Rigakafi ya fi magani. Riga mai banki, in tana da tsabta, ba abin kunya ba ce.