Wasiƙa Daga Ƙasar Ƙanƙara: Robar Bakin Tanki

Thompson, Manitoba, Kanada

Zuwa ga Kawu,

Ina fata an shigar da masara lafiya, an kuma kai auduga sikeli da daraja.

Ran nan kun tambaye ni ko Turawan nan sun fi mu iya aikin hannu, layi ya katse ban amsa ba. Ga amsar a rubuce.

Garin da nake na masu haƙar nikel ne, ya fi kilomita 700 arewa da Winnipeg. Daga Nuwamba har Afrilu ƙasa a rufe take da dusar ƙanƙara, sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Abin shiga daji a lokacin shi ne babur ɗin ƙanƙara: gabansa takalman sulɓi biyu, bayansa faffaɗan bel mai haƙora. 'Yan ƙabilar Cree da shi suke zuwa su da farauta. Wanda ya fito da samfurinsa mai suna Ski-Doo a 1959, Joseph-Armand Bombardier, mutumin Valcourt ne a lardin Kwibek. A 1934 ɗansa ya rasu saboda ƙanƙara ta toshe hanya, an kasa kai shi asibiti. Kun ga ba don wasa aka fara ƙera abin ba.

Maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi ritaya daga ramin ma'adinai. Famfon man babur ɗinsa ya mutu, ya kira ni in riƙe masa fitila. Famfon a cikin tanki yake, ta sama ake zura shi, tsakanin wuyansa da bakin tankin kuma akwai zoben roba, sai wani babban murfi mai zare da ke danne su. Wannan robar ita ce jarabar. Tsohuwar ta sha fetur ta kumbura, ba ta komawa. Sabuwar kuwa sanyi ya sandarar da ita, ka danna nan ta ɓullo can.

Kafin ya taɓa komai sai da ya cire kan batir, ya tsiyaye man, ya wangale ƙofar garejin duk da sanyin, don tururin fetur ya fita. Ya jiƙa robar a ruwan ɗumi har ta yi laushi, ya goge ta tas, domin ɗigon ruwa a cikin mai ƙanƙara zai zama ya toshe hanya. Ya shafa mata ɗan baƙin mai. Ita ya fara zaunarwa a bakin tankin, sannan ya zura famfon a hankali don kada sandar awon mai ta lanƙwashe, ya saita kibiyarsa da alamar jikin tankin, ya danna da tafin hannu biyu. Sukudireba na kusa da gwiwarsa, bai ko kalle ta ba. Duk da haka gefe ɗaya ya naɗe. Da ya zaro ya haska, sai ga wata 'yar tsaga da ba ta kai ƙwayar gero ba. Kawu, a kwandon shara ya jefa ta. Ya yi odar wata, ya rufe babur ɗin da tamfol, abokansa suna wucewa ta ƙofar gida zuwa tafki, shi yana zaune sati guda yana jira. Da sabuwar ta zauna, ya cika tanki, ya karkata babur ɗin hagu da dama, ya bi gefen murfin da farar takarda yana sansanawa.

Na tambaye shi dalili. Ya ce in mai ya tsiyaye maka kilomita 50 cikin daji, ba sabis ɗin waya, ba mai sayar da fetur a galan a bakin hanya, gawarka za a ɗauko da safe.

To, sun fi mu iyawa? A'a. Na tsaya a bayanku shekaru ina kallon kuna yanka gasket daga kwali, kuna ta da injin ban ruwan da mai shi ya riga ya yi wa salla. Nan bakanike da awa yake caji, awa ɗaya ta haura dala 100, don haka ba a cika gyara ba, canzawa ake yi a zubar. Ranar da na naɗe wa dattijon nan sifirin igiyar janaretonsa da ya warware, kallona ya yi ta yi. Kuma duk yinin da muka yi a garejin, ko mutum ɗaya bai leƙo ya ce sannunku da aiki ba. A Funtua da mutum goma sun taru, kowa da shawararsa, wani ya aiko da shayi. Wannan shirun har yau bai zauna mini ba. Sai dai in faɗi gaskiyarsu: a daji ba mai wuce wanda babur ɗinsa ya tsaya bai tambaye shi ba, ko bai san shi ba.

Inda suka sha gabanmu shi ne tsoron fetur, da kuma iya cewa "bai yi ba tukuna". Mu tanki na yoyo a liƙe da sabulu. Yaro ya sa tiyo a baki ya zuƙo mai. A zuba wa janareto yana aiki, a kwana da jarka a ɗaki. In ka yi magana a ce Allah na tsarewa. Yana tsarewa, amma ba mu manta Majiya ta Jigawa ba, Oktoban 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu wajen kwasar man tankar da ta faɗi.

Na san uzurin, kuma ba na raina shi. Manomin Danja ko Kafur da tumatirinsa ke ƙishi ba zai iya jiran sati ba, dattijon nan kuwa ba abincinsa ne ya tsaya ba. Amma roba ba ta da tsada, jiran ne mai tsada, kuma ana iya kashe jiran tun kafin ya zo. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, man da ke ɗiga ƙasa a sati ya isa sayen robar.

Saboda haka kuɗin da na turo ta hannun Yaya, don Allah kada a sa su a wata hidima. A sayi sabon tanki a sa wa injin fadamarmu ta wajen Mairuwa, a cire mai sabulun nan. Ragowar a sayo robobi da tiyon mai masu kyau daga Kano a ajiye a shago kafin aikin rani ya kankama, da ɗan famfon hannu na zuƙo mai. Yaron da kuka sake gani da tiyo a baki, ku kore shi gida na yini ɗaya, ku ce ni na roƙa.

A gaishe mini da Inna da Gwaggo ta Malumfashi, da duk yaran shago. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
Ɗanku.