Bayan al'ada ta ɗauke

A shekarun da na yi ina aikin awo a ƙananan asibitocin ƙasar Kazaure, na lura mace ba ta miƙa hannu a auna mata jini sai tana da ciki. Da haihuwa ta tsaya, al'ada ta ɗauke, sai ta ɓace mana. Wata sai a kawo ta kwance daga wani ƙauyen Roni ko Gwiwa, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, 'yan rakiya na cewa iska ce ta buge ta.

Akwai sinadarin da ƙwayayen haihuwar mace ke fitarwa, likitoci na kiransa istirojin. Yana sa fatar cikin jijiyoyin jini ta riƙa sakin wani sinadari da ke sassauta jijiyar, jini ya wuce ba takura. Yana rage mugun kitsen da ke maƙalewa a bangon jijiya, yana kuma taimaka wa bangon ya warke idan ya ji rauni. Shi ya sa ciwon zuciya kan riga kama maza da kusan shekara 10. Tsakanin shekara 45 da 55 sinadarin ke ja da baya, jijiyoyi su fara tauri, hawan jini ya shigo ba sallama. Wadda aka cire wa ƙwayayen da ƙuruciya, ko ta taɓa yin jijjigar ciki, ta fi kowa bukatar kulawa.

Wata dattijuwa daga wajen Babura da na yi mata wannan bayani, ta ce mini: "'Yar nan, in haka ne, ba ni ƙwayar in sha mana." Na ce, "Inna, ba haka ake yi ba." A 2002 an dakatar da wani babban gwaji a Amurka, mai mata sama da 16,000, saboda waɗanda ke shan ƙwayoyin da ke ɗauke da sinadarin sun fi samun sankarar mama da daskarewar jini da shanyewar jiki. Wannan magani na likita ne, bayan ya duba mutum.

Abin da ke hannunmu ya fi haka sauƙi: rage gishiri da dunƙule da kanwa a miya, da tafiyar ƙafa. Yanzu duk surukar da ta rako mai ciki awo, ba na barinta ta zauna a benci. Sai na naɗa mata abin awon ita ma, kuma sau da yawa nata jinin ne ya hau.