Almakashin Da Aka Sauya Mini Cikin Dare

Shekara shida ina tace bidiyon biki a Ƙauran Namoda, har yatsuna suka haddace maɓallan yanka. Wata safiya na tarar manhajar ta sabunta kanta cikin dare. Ban kula ba, na hau aikin wani aure na garinmu, Birnin Tsaba. Ashe maɓallin da na saba datse daƙiƙa guda da shi ya koma kwashe fitowa sukutum. Sabo turken wawa! Na miƙa musu fim ban sake kallo ba, na goge ɗanyen hoton don in sami wuri. Addu'ar kakar amarya ta salwanta. Bayan wata biyu tsohuwar ta rasu. Amarya ta zo ta ce, "Malam, ina muryar Kaka?" Na rasa bakin magana.

Manya ma sun ɗanɗana irin wannan. A 2011 da Final Cut Pro X ya fito, editoci suka tarar ba ya buɗe ayyukansu na da.

Ɗan'uwa marubuci, kai ma yanka kake yi. Adana rubutunka na farko, ka sake karantawa kafin ka miƙa wa maɗaba'a.